Ragona Za a Gwada wa Maganin Bindiga

Gwaggo Hasiya, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a, kaina ya ɗaure.

Tun da ɓarayin daji suka kore shanun ƙauyen da ke gabanmu, mazan garinmu suka kafa sintiri. Ni ban ga laifinsu ba, kafin jandarma su iso an gama ɓarna. Amma har da maigidana, baban Batulu! Mutumin da ko kaza sai ya kai wa maƙwabci ya yanka. Ya samo bindiga ƙirar gida, ɗaure da roba, ko gona da ita yake zuwa. Tsofaffi na sa masa albarka, liman na cewa a bi a hankali.

To, ran kasuwar Gangara ya sayo laya, wai harsashi ba ya shiga. Abokansa suka ce ba a ɗaura irinta sai an gwada a kan dabba. Duk garin nan ba su ga dabba ba sai ragona, wanda wata bakwai ina ɗawainiyar dusa da harawa! Wai in an sauko Juma'a za a rataya masa layar, a harbe shi gaban jama'a. Na yi kuka, maigidan ya ce ashe rago ya fi shi a wurina. Wallahi bai fi shi ba, amma ragon me ya yi? In bayar ko in hana?

Mai rago, daga ƙasar Gazawa

'Yata, sannu da wannan rigima. Kada ki raina mijinki. Yana jin tsoro kuma ya fito tsaron gari, ya cancanci yabo. Amma ba kowane ɗan sintiri ke harbi ba. Ki samu maigari ya ba shi aikin da ya iya, ko sa ido ne da buga wa jandarma waya.

Ragon kuwa, ki kai shi gidanku yau ɗin nan. Ba mutuwarsa nake ji ba, in ya mutu ai nama za ku ci. Tsorona baban Batulu ya harba ya kuskure, gari ya ɗau kabbara, shi kuma ya ɗaura layar ya tari ɓarayi da ƙirji. Su kuwa sun iya saiti. Ki gaya masa haka a ɗaka, ba gaban abokansa ba.

Allah ya tsare miki su duka biyun, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Gwaggo Hasiya