Duk Tsofaffina Sun Ce Da Sauƙi

Anti Clara, don Allah ki cece ni kafin in yi abin da zai sa a kore ni daga makaranta.

Ni ma'aikacin jinya ne, ina digiri na biyu a nan Samaru. Bincikena a kan tsofaffi masu ciwon daji ne: wane irin zafi suke sha, kuma maganin da ake ba su yana isa ko ba ya isa. Asibitin da nake aiki sun ce sakamakona za su duba kafin su yanke shawarar ƙara wa tsofaffin maganin rage zafi. Malamar da ke duba aikina ita ce Dakta Bibiana. Anti, matar nan ko murmushi za ta yi sai ta fara duba ko akwai kuskure a ciki.

Na sha wuya. Na bi tsofaffin nan har gida, daga Jama'a zuwa Zabi zuwa lungunan Sabon Gari, a kan acaɓa. Ruwa ya dake ni, kare ya bi ni. Duk wanda na tambaya yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Baba Othniel, tsohon mai wa'azi da ke fama da ciwon daji na mafitsara, ya ce da sauƙi, har ya ƙara mini da wa'azin da ban nema ba. Mama Nwamaka mai busasshen kifi, wadda Hausarta ta fi tawa, ta ce da sauƙi, an gode Allah, sannan ta tsare ni da tambayar abin da ya hana ni aure. To ni me zan rubuta? Na rubuta abin da suka faɗa. Na kai aka buga mini a kwamfuta, NEPA ta ɗauke wuta, aka sake bugawa, sakamako ya fito tas: tsofaffinmu suna samun sauƙi, magani ya wadatar.

Ranar da na gabatar a gaban 'yan ajinmu, Dakta ta cire tabarau ta ce tana taya ni murna, na warkar da ciwon daji da gaisuwa. Ta ce cikin masu sauƙin nawa akwai wanda aka binne watan jiya, wai ko zan koma in sake tambayarsa. Aji ya fashe da dariya. Yanzu ko katin waya na shiga saye, sai in ji an ce ga Dakta Da Sauƙi.

Ta ƙi sa hannu. Wai in koma, in ajiye biro, in zauna, in ci abin da aka ba ni, in lallaɓa 'ya'ya da surukai su fita daga ɗakin, sannan in tambayi tsoho me ya daina yi. Anti, wannan bincike ne ko zance? Shekara guda za ta tafi a banza. Abokina Nelson ya ce akwai wani malami da ke sa hannu ba tare da ya buɗe shafi na biyu ba, in nemi a mayar da ni wajensa. Gaskiya zuciyata ta karkata can. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ran Lahadi na wuce ta gidan Baba Othniel, na ga kekensa jingine a zaure, tayoyin sun sace, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Mutumin da ko shagon bakin titi a keke yake zuwa. Ban tambayi kowa komai ba, na wuce.

In sauya malama ko in haƙura?

Dakta Da Sauƙi, Samaru

Ɗana Dakta Da Sauƙi,

Na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma na ji zafin da ka ji. Dakta Bibiana ba ta kyauta ba da ta yi maka wankin babban bargo a gaban aji. Gyaran ɗalibi a ofis ake yi, kuma da ta duba tambayoyinka tun kafin ka hau acaɓa, da ba a kai nan ba. Ka je ka same ta ita kaɗai, ka gaya mata haka cikin ladabi. Mai bakin nan yawanci tana ganin girman wanda ya iya tunkarar ta.

Sai dai a kan aikin, ita ce da gaskiya. Kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Yaushe ka taɓa jin dattijo ya ce wa yaro sa'an jikansa jiki ya tsananta, ga 'ya'yansa tsaye a kansa? Da sauƙi amsar gaisuwa ce, da ita tsoho ke rufa wa kansa asiri, ya kuma kwantar wa iyalinsa da hankali. Gaisuwa ka tattaro ka kai wa malamarka.

Malamin da Nelson ya faɗa maka zai sa hannu, ka sa hular digiri, a ɗauke ka hoto. Daga nan asibiti ya karanta cewa magani ya wadatar, Baba Othniel ya ci gaba da cije leɓe da sunanka a kan takardar. Shekara guda tana da ciwo, na sani, amma kai kana da wasu shekarun a gaba. Tsofaffin fa?

Ka koma. Ka fara da gidan mai keken. Ka ci tuwon, ka saurari wa'azin har ƙarshe, sannan ka tambaye shi yaushe rabonsa da hawa keke, kuma me ya sauke shi. Mama Nwamaka kuma ka tambaye ta wa ke zama mata a rumfa yanzu. Abin da ka ji, kada ka jira ranar kare digiri, ka kai wa likitansu a makon.

Kafin ka tafi, ga tambaya. Ka cika mini shafi da kuka, amma da mahaifiyarka ta kira ka ta ce yaya karatu, me ka ce mata?

Allah ya ba ka haƙurin zama, ya ba tsofaffinka sauƙi na gaske.

Anti Clara