Saƙar da Ake Warwarewa

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya ƙafarka? Yaya Inna da su Auta? Ni lafiya lau, ina ci ina ƙoshi, kada ku damu.

Aikin saƙar ne dai ba yadda muka zata ba. Wurin masu yawon buɗe ido ne. An kafa mini rumfa tsakanin kejin jimina da na birai, aka ce in cire takalmi don in yi kama da mutanen da. Baƙi su ɗauki jimina hoto, su matso su ɗauke ni.

Kullum da yamma shugaban wurin yakan sa in warware abin da na saƙa. Ranar farko na ce, "Ranka ya daɗe, aikin yini guda ne fa." Ya ce, "Hannunka suke zuwa kallo. Kada ka ɓata mana zare."

Wata bakwai ke nan, Baba, da sana'ar da ka koya mini ban gama ko zane ɗaya ba. In an tambayi mayafin da na yi alkawarin aikowa gida, ka ce ina nan ina saƙawa. Ba ka yi ƙarya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya. A sa ni a addu'a.

Ɗanka.