An Zo Karɓar Kakin Sufeto

Maigidana,

Na tafi asibiti a duba min gwiwar nan. Na ga ka gaji, shi ya sa ban tashe ka ba.

Ɗazu matar da ke kula da kayan 'yan wasanku ta zo, wai darakta ya ce a karɓo kakinka na Sufeto a wanke. Na ba ta. Sai ga ta ta zaro tef tana auna hannun rigar, wai sai an rage. Yaushe wanki ya fara buƙatar awo?

Kai dogo ne. Gajeren kuwa baƙon nan ne da aka kawo fitowa biyu, har yau bai tafi ba. Bara ma haka aka karɓi kayan mai fitowa a direba, sati na zagayowa muka gan shi a but ɗin mota, ba rai.

Kafin ka tsaya gaban kyamara, tambayi darakta ido da ido: gawar wa za a ciro daga rijiyar da suke ta nunawa?

Hular dai ba ta samu ba, a kanta na zauna har ta tafi. Yi haƙuri, ta ɗan lotse.

Kakarka