Wushiryar da Maƙeri Ya Maido Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ɗanki na fari ne yake rubuto miki daga Tabotaki, daga bakin bukkar da kika bari. An yanke gero, rumbu ya cika, amma ni kaɗai nake cin tuwo.

Ban taɓa gaya miki yadda na rasa haƙorana ba. A soja ne, can wajen yaƙin Nasara, motarmu ta kife, ƙarfe ya doke ni a baki. Lokotoro, wato likita, ya auna dasashina, ya yi mini haƙoran roba, farare, a jere reras. Bai tambaye ni ko ina da wushirya ba, ni ma ciwo bai bar ni na tuna ba.

Da na dawo na iske an daɗe da yin sadakar mutuwata, ke kuma kuka ya cinye miki idanu. Na durƙusa na gaishe ki, magana tana fitowa wani iri, don abin bai zauna a bakina ba tukuna. Kika shafa fuskata, yatsanki ya bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya. Sai kika janye hannu kika ce, "Ɗana shina da wushirya. Kai wa na?"

Aka ce miki Illa ne. Kika ce, "To, sannu da zuwa, Illa." Inna, nan ne zuciyata ta karye. Tun da kika haife ni bakinki bai taɓa kama sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Ga shi kin faɗe shi tsaf, yadda ake faɗin sunan baƙo.

Kuma kin riƙe ni riƙon baƙo, ban da abin cewa. Ki dama mini fura, ki sa a shimfiɗa mini tabarma mai kyau, ki tambaye ni ko na san inda aka binne yaronki. Ba ki taɓa yi mini fara'a kamar ta watannin nan ba, ni kuwa ban taɓa jin maraici irin nasu ba. A gari kuma an baza cewa haƙoran matattu aka sa mini. Tun da wata mata ta gan ni ina wanke su a ƙwarya, babu mai haɗa akushi da ni.

Haushi ne ya kai ni Karofane wajen maƙeri. Na zare haƙoran na miƙa masa, sai da ya yi bisimilla kafin ya taɓa. Na nuna masa tsakiya, ya sa zarto yana gogawa, yana mitar bai taɓa ganin mai ɓata abu sabo da gangan ba.

Na iske ki kina ɓare wake a inuwa. Na kama hannunki na kai bakina. Yatsanki ya faɗa cikin giɓin ya tsaya. Ban sani ba ko kin ji kaushin zarton. Na san dai kin daɗe ba ki ɗauke shi ba. Sai kika kau da kai, kika ja mayafi, kika ce wa ƙanwata, "Ce ma yaron ga awaki na can ba su sha ruwa ba."

Wallahi da gudu na tafi rijiya, ina kuka ina dariya kamar taɓaɓɓe. Daga ranar aka naɗe tabarmar baƙo, fara'a ta ƙare, faɗa ya dawo. Damina ɗaya na samu ina shan faɗanki kafin ki tafi.

Yanzu gefen da aka goge ya tsage, yana yanka mini leɓe. An ce a Madawa akwai lokotoron da zai aika a yi mini sababbi. Ba za ni ba, Inna. Kowa a garin nan Illa yake ce mini, babu sauran mai jin nauyin sunan.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya maido miki da ganinki a Aljanna, ki gane ni tun daga nesa ba sai kin shafa ba.

Ni ne,
yaron ga.