Dankalin Maman Yara

Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina samun sauƙi. Yaya gwiwar tun da aka yi aikin? Yaya auta da mijinta da ke ɗawainiya da ke? Nan lafiya lau, sai kewarki.

Akwai maganar da na kwana uku ina juyawa a raina. Dankalin da kika shuka a bayan ɗaki, kika bar mini amanarsa, ya lalace a hannuna. Ganyen ya fara yin rawaya, na ɗauka ƙishi ne, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Yanzu duk ya kwanta ya bushe. Shekara talatin ina yi miki tsiya cewa abin da kike wahala a kansa yana nan jibge a kasuwa, ga shi wata biyu kacal ya gagare ni. Ki yafe mini.

Naki,
Baban yara

Maman yara,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙi. Wasiƙarki ta iso. Ashe bushewar ganyen alamar nuna ce. Auta ta ce kin yi ta dariya har ɗinkin ya dame ki.

Na tona kamar yadda kika ce. Saran farko na raba wani ƙato gida biyu, sai na ajiye fartanya na sa hannu. Dankalin kunyar da ke kusa da famfo ya ruɓe saboda ruwana, amma sauran sun cika kwando biyu. Na baza su a inuwa. Na daɗe zaune a ƙasa ina jujjuya su, ban ma san lokaci ya tafi ba.

Sai ƙarshen wasiƙar, inda kika ce likita ya hana ki durƙuso daga yanzu, don haka in ba maƙwabci irin, a share wurin. Wannan kam ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Na ware ƙananan na adana don shuka. Kujerarki tana wurin kafinta, zai ƙara mata tsawo. Kunya ɗaya na bari ban taɓa ba. Ran da kika dawo, ki zauna ki riƙa nunawa da sandarki, ni in durƙusa. Gwiwoyina ba su taɓa yin aikin kirki ba, har yanzu sababbi ne.

Ki gaishe da auta.

Naki,
Baban yara