Idanun da Aka Liƙa wa Tsuntsayena

Zuwa ga Injiniya, wakilin jama'armu a kwamitin tsabtace bakin kogin Potomac, a nan Amurka.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Na rubuto a fili ne domin a fili aka kunyata ni, kuma ka daina ɗaga wayata.

Ni ce Malama Rakiya, mai karantar da yara Alƙur'ani ranar Asabar a gidana da ke Fort Washington. Da ƙafarka ka zo ka roƙe ni. Ka ce kwamitinku zai baje kolin aikin hannu a tashar jiragen ruwa, don mutane su ga yadda ledar da muke zubarwa take bin kogi har teku, tana shaƙe tsuntsaye irin su fengwin, baƙi da farin nan mai tafiya kamar ɗan tatata. Ka ce ka ji na iya saƙar faifai, in saƙa muku irin tsuntsayen nan da sharar da aka tsamo.

Na farko, na yarda bisa sharaɗi ɗaya, a gaban maigidana: ba zan yi wa abu mai rai fuska ba. Ba ido, ba baki. Da wannan alkawarin iyaye suka bar 'ya'yansu suka bi ni bakin ruwa. Ba Bature nake yi wa bayani ba, Injiniya. Ka san abin da nake gudu, har ka dafa ƙirji ka ce kai ne shaida.

Na biyu, duk bazarar bana a taɓo muka yi ta. Mun tsamo leda da zaren fatsa, mun wanke wari, mun yanka, na saƙa. Ƙugiya ta shige mini babban yatsa, har yau ba ya lanƙwasawa daidai. Ban yi ƙorafi ba, don ina son kogin nan. Shi nake kallo in kewar gida ta taso mini.

Na uku, ranar buɗewa na iso da iyayen da na gayyato, cike da alfahari. Sai ga tsuntsayena a jere, kowanne an liƙa masa idanun roba masu juyawa irin na 'yartsana, da jan baki. A ƙasa kuma ga sunana ɓaro-ɓaro. Daga baya na ji cewa 'yan kwamiti sun ɗauka ban gama aikin ba ne, suka ƙarasa mini. Su ban ga laifinsu ba, ba su sani ba. Amma kana tsaye a wurin. An ce kai ka riƙe musu kwalbar gam.

Hoton tsuntsayen ya zagaya wayoyin mutane daga Takoma Park har Woodbridge. Yanzu ni ce malamar da ta koya wa yara yin gumaka. Wata Hajiya da na yi wa 'yarta saukar karatu ta gan ni a masallaci ta kau da kai. Kai kuwa an tafa maka, an ɗauke ka hoto da magajin gari. Wallahi abin ya ci mini rai.

Ga buƙatuna. A cire idanun, ko a cire sunana. Sannan ka tsaya bayan sallar Juma'a, a gaban iyayen nan, ka faɗi sharaɗin da muka yi da wanda ya karya shi. Ba na son haƙuri a waya, ba a ɓoye aka ɓata ni ba.

Asabar ɗin da ta wuce na share ɗaki, na shimfiɗa tabarmi, na jera alluna. Na zauna har aka kira azahar. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Allah ya tsare ka da iyalinka daga irin wannan zama. Allah ya ba ka ƙarfin halin faɗin gaskiya kafin Asabar mai zuwa, domin ban naɗe tabarmin ba.

Wassalam.

Malama Rakiya,
Fort Washington.