Takalmin Fareti na Baba

Yaya Mihiret,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya mutanen Keren? Ina nan Juba lafiya. Wanke-wanke nake a gidan abinci, kuma ci sau ɗaya a rana bai taɓa kashe kowa ba.

Kin ce gwamnati ta ɗora wa tsofaffin unguwa bindiga, Baba na fareti da kumburarriyar gwiwa, wai in dawo in miƙa kaina ga aikin sojan da na guje wa, a sallame shi.

Yaya, ranar kamen samari zuwa aikin soja, wa ya nuna rumbun da autanmu Goitom ya ɓuya? Ba Baba ba ne, yana cewa kowa soja ne? Shekara tara ke nan ko wasiƙar yaron ba mu gani ba.

Na aiko masa takalmin roba. Ki ce ya taka faretinsa da kyau.

Allah ya ba Inna haƙuri.

Ƙaninki,
Tesfalem